Nazarin Lamari: Ɗalibar da Zane Ya Kusa Raba Ta da Makaranta a Tawa

Asalin lamarin

Yarinyar da wannan nazari ya shafa haifaffiyar Tawa ce, kuma ba zan ambaci sunanta ko na makarantarta ba, bisa alkawarin da na yi wa iyayenta sa'ad da suka ba ni izinin rubuta abin da ya faru. Ita ce ta uku cikin ƴaƴa bakwai. Mahaifinta, kamar Adarawa da dama, a Abijan yake neman abincinsa, ba ya zuwa gida sai sau ɗaya a shekara, don haka ƙanensa, wato baffanta, shi ke riƙe da gidan, duk maganar da ta yi nauyi kuma sai an aika wa mahaifin ta WhatsApp an jira amsarsa. Ni maƙwabcinsu ne, kuma ina da hannu a cikin lamarin, kamar yadda za a gani a gaba.

A tsarin karatun Nijar yaro yana yin shekara shida a firamare, sannan huɗu a kolej, inda yake ƙarewa da jarrabawar BEPC, wadda ita ce ƙofar shiga lise. Ana ba da maki bisa 20, kuma 10 ne mizanin tsallakewa. Akwai makarantun koyar da fasaha da al'adu da ake kira EFAC, amma ba can aka tura wannan yarinya ba bayan firamare, kuma babu wanda tunanin hakan ya zo masa a gidansu. Kolejin da ta shiga ba shi da malamin zane, jadawalin ajinta ma babu sa'a ko ɗaya da aka ware wa zane.

Ita kuwa tun tana ƴar shekara goma take yi wa ƙawayenta zanen lalle a lokacin biki da salla, daga baya ta koma kwaikwayon hotunan riguna daga wayar yayarta, tana cika bayan kayenta, wato littafin rubutunta na makaranta, da su. Ta gama aji na uku na kolej da matsakaicin maki 10,5, wato da ƙyar ta tsallake, lissafinta kuma 8 ne.

Oktoba 2021 zuwa Janairu 2022: alamun farko

Ta shiga ajin ƙarshe a watan Oktoba 2021 tana da shekara 15, a cikin ajin da ya haura ɗalibai 70, uku-uku a kan benci. Da sakamakon zangon farko ya fito matsakaicin makinta ya sauka zuwa 7,5. Ta sami 5 a lissafi, 8 a Faransanci, 11 a kimiyyar halittu. Wannan 11 shi ne maki mafi yawa a takardar, kuma ya zo ne daga darasin da ake yawan zana sassan jiki da na tsirrai, amma a lokacin idon kowa a kan 5 ɗin yake.

A cikin watan Janairu wani malami ya karɓe kayenta ana tsakiyar darasi, ya juya shi ta baya, ya ƙirga shafi goma sha huɗu na zane. Aka kira baffanta makaranta. Da suka dawo gida, a tsakar gida ya buɗe kayen gaban mahaifiyarta ya ce: "Ke, ubanki yana can yana shan wahala yana aiko kuɗin kaye, ke kina nan kina cika shi da hannuwan amare?" Ta sunkuyar da kai ta ce: "Baffa, ka yi haƙuri, sai na gama kwafe darasi nake yi."

Janairu zuwa Fabrairu 2022: hani

Amsar mahaifin ta zo a daren nan, kuma hukunci ne a taƙaice: kada ta sake zane har sai ta ci jarrabawa. Ya ƙara da wata damuwa tasa, cewa yana jin tsoron zanen abu mai rai, tun da an gaya masa a cikin kayen akwai fuskokin mata. Aka tattara fensuran kalarta da tsofaffin kayunta aka kulle a akwatin mahaifiyarta, aka kuma hana yayar ba ta waya.

Zanen bai tsaya ba, wuri kawai ya sake. Ya koma gidan wata ƙawarta, ya koma kan benci, ya koma ƙasa da tsinke idan tana tsaron tukunya. Gwaje-gwajen lissafi biyu da aka yi a cikin makonni shida da suka biyo baya ta sami 6 da 5,5. Abin da ya sauya shi ne halinta: ta daina ɗaga hannu a aji, ta soma ƙorafin ciwon kai, har akwai makon da ta yi fashin kwana biyu.

Fabrairu zuwa Yuli 2022: darasin yamma da faɗuwa

A nan ne na shigo. Baffan ya same ni ya ce: "Malam, ga ɗiyarka nan, a taimaka mana da ita." Muka yi yarjejeniya a kan jika biyar a wata, sau uku a mako tsakanin la'asar da magariba, tare da wasu yara biyar da nake koyarwa a zaurena. Hanyar da na bi ita ce wadda aka bi da ni, wadda kuma na ga ta fitar da yara da dama: a ɗauko tambayoyin jarrabawar shekarun baya, a haddace ƙa'idoji, a yi ta maimaici har hannu ya saba.

Hadda ba ta ba ta wahala ba. Cikin mako biyu tana karanto ƙa'idar Fitagoras da ta Tales, wato ƙa'idojin lissafin siffofi, da Faransanci babu tuntuɓe. Amma da zarar an juya siffar da ke kan allo, an mai da ƙasanta sama, ko an ɓoye ta a cikin wata siffa babba, sai ta tsaya cak. Wata rana na leƙa kayenta na ga ta sake zana siffar da na ba su, ta yi mata inuwa har ta fito kamar a taɓa, sai dai kusurwar da ya kamata ta zama digiri 90 ta buɗe fiye da haka, layukan da aka ce kada su taɓa haɗuwa kuma suna matsowa kusa da juna. Na yi mata faɗa a kan ɓata lokaci, na ce ta goge, na wuce kan yaro na gaba.

A jarrabawar gwaji ta watan Mayu ta sami 8,25. Ta zauna BEPC, sunanta bai fito ba.

Hutun daminar 2022: shagon goggo

Bayan faɗuwar magana biyu aka ajiye a gidan, aure ko ɗinki. Mahaifiyarta ce ta tsaya kai da fata a bar ta ta maimaita shekara ɗaya, aka amince, da sharaɗin za ta yi hutun a shagon goggonta, wadda tela ce a kusa da kasuwa.

A makonnin farko shagon ya ji daɗinta, domin mace za ta zo tana kwatanta irin ɗinkin da take so da baki da hannu, yarinyar ta zana mata shi nan take, ta ce ai shi ke nan. Matsalar ta fito ne ranar da goggon ta miƙa mata tef da almakashi ta ce ta fitar da rigar da ta zana a kan takardar buhun siminti kafin a taɓa atamfa. Hannun dama ya fi na hagu tsawo, wuyan ya karkace, da aka gwada a kan ƙyalle kuma rigar ta ƙi shiga jikin mai ita. Goggon ta ce mata: "Ɗiyata, idonki ya san kyau, hannunki ma yana da laushi, amma ba ki san awo ba, tela kuwa da awo yake cin abinci." Wannan magana a shagon ta tsaya, ba ta iso gida ba sai bayan watanni.

Oktoba da Nuwamba 2022: gwajin buta da yarjejeniya

Da aka koma makaranta an ba ajin wata malamar lissafi dabam, wadda yara ke kira Madam. Ta buƙaci duk masu maimaici su kawo mata kayunsu na bara, kuma a nan ta ci karo da shafukan da suka jawo rigima. Ba ta ce komai ba sai ranar Asabar, ta kira yarinyar gidanta, ta ɗora butar alwala a kan tebur, ta ba ta takarda da fensir ta ce ta zana abin da take gani cikin minti ashirin.

Na ga wannan takarda daga baya. Buta ce kyakkyawa, amma ba wadda ke kan teburin ba ce. Bakinta da'ira ce cikakkiya kamar ana kallonsa daga sama, gindinta layi ne miƙaƙƙe kamar ana kallonsa daga gefe, hancin kuma ya kusa ninka tsawonsa na gaskiya. Madam ta lura cewa cikin minti ashirin ɗin nan yarinyar ba ta ɗaga kai ta dubi butar ba fiye da sau uku. Sai ta ɗauki hoton butar da waya ta ce ta kwaikwaya, nan kuwa zanen ya fito daidai. Shekara biyar tana ɗauko layi daga shafi zuwa shafi, ba a taɓa sa ta ta auna abin da ke tsaye gabanta ba.

A ranar Madam ta koya mata abin da ake fara koya wa duk mai koyon zane: ta miƙe hannu sosai da fensir a tsaye, ta rufe ido ɗaya, ta sa babban yatsa ta kama faɗin butar a jikin fensirin, sannan ta duba sau nawa wannan faɗi zai shiga cikin tsayin. Ya shiga sau ɗaya da rabi. Madam ta ce: "To, idan faɗin a takardarki santimita 8 ne, tsayin nawa?" Ta ce 12. Madam ta ce mata wannan lissafi da ta yi yanzu da ka shi ne abin da ta haddace bara da sunan Tales.

Mako na gaba Madam ta je gidan da kanta. Baffan ya saurare ta, amma ya ce maganar zanen mai rai tana nan, kuma ba ta malaman lakwal ba ce. Ya kai maganar gaban limamin unguwa, wanda ya ce masa zanen gini da itace da kwalliyar layuka babu laifi a ciki, ya kuma tuna masa da zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani. Madam a nata ɓangaren ta kawo masa misalai na kusa da gida. Ta ambaci masallacin Yama a nan jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya soma ginawa da ƙasa a 1962, ya kuma sami kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine a 1986. Ta ambaci cibiyar Hikma ta Dandaji da aka kammala a 2018, inda aka gina sabon masallaci aka mai da tsohon ɗakin karatu, kuma cikin waɗanda suka tsara ta akwai ƴar Nijar, Mariam Issoufou Kamara. Baffan ya san Yama, ya taɓa yin salla a can, amma bai taɓa jin cewa mace tana tsara gini ba, ya sa aka maimaita masa sunan.

Abin da aka tsayar, mahaifin kuma ya amince ta waya, shi ne za a saya mata kaye guda na zane kawai, tare da kompa da mastara da ma'aunin kusurwa da fensura biyu, duka kuɗin bai kai jika uku ba. Za ta yi minti 45 a rana bayan ta gama aikin gida na makaranta, ba za ta kwaikwayi hoton waya ba sai abin da ke gabanta, kowane zane zai ɗauki awonsa a rubuce da jimla biyar na Faransanci masu bayaninsa, kuma kowace Asabar Madam za ta duba ta yi gyara. Idan aka sami zane a kayen darasi, ko aka tsallake sharaɗi, za a karɓe kayen zanen.

Aikin farko tsayin katangar gidansu ne. Da hantsi ta kafa sanda mai tsawon mita ɗaya, inuwarta ta ba da santimita 80, inuwar katangar kuma mita 2 da santimita 40, ta fitar da mita 3. Baffan ya sa yaro ya hau da igiya ya gwada, aka sami bambancin da bai kai faɗin tafin hannu ba. Daga nan ta zana ɗakin mahaifiyarta kamar an ɗauke rufin ana kallo daga sama, kowace mita ɗaya ta zama santimita 2, ɗaki mai mita 4 da 3,5 ya zama santimita 8 da 7, da gado da jeren kwanoni kowanne a mazauninsa. Ranar Lahadi tana bin mahaifiyarta kasuwa ta tsaya wurin masu ƙorai da dukawa, ta ɗauko zanen bakin ƙwarya ta sake gina shi da kompa, ta gano sau nawa fure ɗaya yake maimaituwa kafin ya kewayo. Dagi ya ɗauke ta kusan mako biyu, domin sai da ta fahimci cewa dole a fara shimfiɗa gidajen murabba'i kafin a bi layin da ke shiga ƙarƙashi yana fitowa sama.

Ƙarshen Disamba 2022: Yama

A hutun ƙarshen shekara kawunta, wanda ke cin kasuwannin wannan yanki, ya ɗauke ta tare da ƙanenta zuwa Yama. Ta zauna a inuwa sa'a biyu tana miƙa fensir tana rufe ido, yaran garin sun kewaye ta. Ta auna tsawon bango da taku, ta dawo da shafi shida. A ƙarƙashin ɗaya ta rubuta cewa hasumiyoyin kusurwa huɗu ne kuma babu wadda ta yi kama da ƴar'uwarta, amma ginin bai karkace wa ido ba, tana so ta san dalili. Wannan ce tambaya ta farko da na san ta yi da kanta a kan wani abu da ya shafi karatu.

Janairu zuwa Afrilu 2023: ci gaba da koma baya

Sakamakon zangon farko ya nuna 9,75. Lissafi ya kai 11, kuma kusan duk ƙarin daga tambayoyin siffofi ya fito, aljabara tana nan inda take. Kimiyyar halittu ta kai 14, tarihi da labarin ƙasa 12, bayan ta soma zana taswirar Nijar da ka, da jihohi takwas da maƙwabta bakwai. Faransanci kuwa ya sauka zuwa 7,5.

Da Madam ta bincika sai ta ga minti 45 sun zama sa'a biyu, jimloli biyar sun koma biyu, a wasu shafukan ma babu ko ɗaya. Azumi ya kama a ƙarshen Maris cikin tsananin zafi, mata kuma suka soma layin lallen salla. Madam ta cika sharaɗin, ta karɓe kayen mako biyu, yarinyar ta yi kuka amma ba ta koma zane a ɓoye ba.

A wannan lokaci aka maido ta wurina don Faransanci da aljabara kaɗai, bayan na zauna da Madam ta nuna mini kayen shafi-shafi. Na bar tsofaffin tambayoyi na ɗan lokaci, na riƙa ba ta batun insha'i daga zanenta, ta bayyana kasuwar Lahadi, ta ba da labarin tafiyar Yama. Ƙa'idar (a + b)² da ta sha mantawa, na sa ta zana murabba'i ta raba shi gida huɗu ta rubuta faɗin kowane gida, daga ranar ba ta sake ɓata ta ba. Shifta ce ta ƙi motsi, kurakuranta na rubutun kalmomi sun ragu kaɗan ne kawai.

Mayu zuwa Oktoba 2023: sakamako

Ta sami 10,75 a jarrabawar gwaji ta watan Mayu. Saura mako uku a shiga BEPC ita da kanta ta kai wa Madam kayen ajiya. Ta zauna jarrabawar karo na biyu ta ci, aka tura ta ajin farko na lise ɓangaren kimiyya a nan Tawa, ta soma a watan Oktoba 2023. Zuwa lokacin ta cika kaye uku na zane.

Hukunci

Hanin ya faskara ne domin an ɗauka zanen ke cinye makin, alhali an hana shi makonni shida maki bai motsa ba, abin da aka samu kawai shi ne yarinya mai ɓoyo da ciwon kai. Darasina ya faskara domin na ƙara mata hadda a kan hadda, kuma ranar da ta zana mini matsalarta a fili, da kusurwar nan da ta buɗe, na sa ta goge. Wannan kuskure nawa ne, kuma ina ganin yana cikin abin da ya jawo mata asarar shekara guda. Goggonta ce ta fara gano ciwon, sai dai babu hanyar da maganar tela za ta bi ta isa aji.

Barin ta ta yi zane yadda take so ma da bai fitar da ita ba, shaida kuwa ita ce watannin Janairu zuwa Maris, lokacin da zanen ya yi yawa Faransanci ya faɗi. Abin da ya yi aiki shi ne an mai da sha'awarta darasi, da kallo da awo da iyakar lokaci da mai gyara kowane mako, kuma an warware damuwar mahaifinta ta hannun wanda yake jin maganarsa maimakon a yi watsi da ita. Dole kuma a faɗi cewa mai maimaici yakan ƙaru ko da babu sabuwar dabara, don haka ba dukan ƙarin ne za a jingina wa zane ba. Wanda na tabbata da shi shi ne na siffofin lissafi, domin a gabana ya faru.

Abin da ke damuna har yau shi ne duk wannan ya rataya ne a kan malama guda da ta ba da Asabar ɗinta kyauta, wadda ita ma ba malamar zane ba ce. Yarinyar ba ta taɓa samun mai koya mata haɗa kala ko aiki da fenti ba, a garin da Mustafa Alasan, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane mai motsi a Afirka, ya zauna shekaru da yawa kafin rasuwarsa a 2015. A ganina sa'a ɗaya a mako ta zanen abin da ke gaban ido, da fensir da takarda kawai, ba ta fi ƙarfin kolejinmu ba, kuma masu cin moriyarta za su haɗa da yaran da ba su da niyyar zama masu zane.

Faransancinta har yanzu shi ne rauninta. Ta ji labarin makarantar EAMAU ta Lome, inda ake koyar da tsara gine-gine da birane, wadda ake shiga ta hanyar gasa bayan an ci bak, wato jarrabawar ƙarshen lise, ta kuma sa an aika wa mahaifinta maganar. Bai ba da amsa ba tukuna. Baffanta dai ya ba ta awon wani fili da yake so ya gina shago biyu a kai, ya ce ta fitar masa da shi a takarda kafin ya kira magini.